Ƙaiƙayi Koma Kan Masheƙiya: Masu Murɗe Talla Ya Juyo Kan Mai Shi

A shekarar 1979 mazauna birnin Sidni na ƙasar Ostireliya suka fara wayar gari suna tarar da allunan tallan taba da na giya sun sauya magana cikin dare. Hoton yana nan yadda kamfani ya liƙa shi, launinsa bai taɓu ba, sai dai an shafe harafi a nan, an ƙara wani a can. Wani allon Marlboro da ya kwana yana yabon tabarsa cewa sabuwa ce mai laushi, da safe sai ga shi yana shelar cewa abar ƙyama ce mai gundura. A ƙasan allon kuma masu aikin sukan rubuta sunan ƙungiyarsu, BUGA UP, domin ba su ɗauki kansu masu laifin da za su ɓuya ba.

Ba zauna-gari-banza ba ne. A cikinsu akwai ma'aikatan lafiya, har da wani likita, Arthur Chesterfield-Evans, wanda ya gaji da ganin taba tana cinye huhu da zuciyar mutane a gadon asibiti, ya fito waje kuma ya tarar da ƙaton allo yana kiran 'ya'yansu su zo su ɗanɗana. Sai ya ɗauki gwangwanin fenti. An kama shi, an kai shi kotu, daga baya ya zama ɗan majalisar jihar New South Wales. Da kamfanin ya sa gasar neman jarumin da zai zama fuskar Marlboro a ƙasar, masu adawa da taba suka fito da nasu ɗan takarar: wani bawan Allah da aka huda wa maƙogwaro saboda ciwon da taba ta jawo masa, yana zuƙar hayaƙi ta cikin hudar.

Turawa suna kiran wannan salo culture jamming. Wasu mawaƙan Amurka da ake kira Negativland ne suka raɗa masa sunan a 1984, sun aro shi daga kutsen da ake yi wa zangon rediyo. Duk wanda ya tashi da sauraron gajeren zango ya san yadda wata ƙara kan haye kan tasha ta danne muryar mai magana. Tunanin ya girmi sunan. Tsakanin 1957 da 1972 wata ƙungiyar masu zane da marubuta da ke da cibiya a Faransa, ƙarƙashin jagorancin Guy Debord, ta yi ta koyar da cewa maganin hoton da aka yi don a yaudare ka shi ne ka ɗauke shi ka karkatar da shi ya faɗi abin da mai shi ke ɓoyewa. A 1977 kuma wasu suka kafa ƙungiyar "'yantar da allunan talla" a San Faransisko.

Ni dai na fi gane abin idan na mayar da shi gida. Talla kirari ne. Kamfani ya biya maroƙi ya tsaya a bakin hanya yana koɗa shi, ba dare ba rana. Abin da waɗannan mutane ke yi kuwa zambo ne, kuma zambon da ya fi shiga jiki shi ne wanda aka ɗora a kan kiɗan kirarin kansa, yadda mai sauraro zai fara gyaɗa kai kafin ya farga cewa magana ta juya. Yaran tashe ma haka suke yi da azumi: yaro ya liƙa gemun auduga, ya ɗauki sanda, ya kwaikwayi tafiyar dattijo har sai kowa ya gane wanda ake nufi, sannan ya saki maganar da ba mai iya faɗa a fili.

Ƙarfin dabarar yana cikin kwaikwayon. Kamfani yakan kwashe shekaru yana zuba kuɗi har sai tambarinsa ya zauna a ƙwaƙwalwarka, ka gane shi daga nesa ba sai ka karanta ba. Mai murɗe talla ba shi da wannan kuɗin, don haka sai ya hau kan abin da kamfanin ya riga ya gina, ya toya shi da mansa. Sharaɗin guda ne: dole aikin ya yi kama da na asali, har mai wucewa ya ɗan tsaya ya sake dubawa. Idan aka watsa wa allo baƙin fenti kawai, ɓarna mutane za su gani, tausayinsu ya koma kan mai allon.

A ƙarshen Nuwamban 2015, ana gab da buɗe taron duniya kan sauyin yanayi a birnin Faris, wata ƙungiya da ta samo asali daga Birtaniya mai suna Brandalism ta nuna iyakar wannan gwaninta. Mutanenta suka sa rigunan ma'aikata masu ƙyalli, suka riƙe irin makullin da ake buɗe akwatunan talla na tashoshin bas da shi. A buɗe gilashi, a naɗe takardar kamfani, a shimfiɗa wata, a rufe, a wuce. Ba wanda ke tambayar mai rigar aiki abin da yake yi. Kimanin takardu 600 suka sanya. Ɗaya daga ciki tana ɗauke da motar Volkswagen, da irin rubutun kamfanin sak, tana cewa: ku yi haƙuri da aka kama mu. Wata biyu kafin nan aka gano kamfanin ya dasa wa motoci kusan miliyan 11 manhajar da ke ɓoye yawan hayaƙin da suke fitarwa a lokacin gwaji.

Mai karatu zai iya cewa: to mene ne abin tayar da jijiyar wuya? Ai mai kaya dole ya yi talla, kuma ciniki halal ne. Gaskiya ne, kuma ba wanda ke faɗa da yarinya mai kiran "a sayi gyaɗa", ko mai shagon da ya rubuta farashin shinkafa a allo. Wannan sanarwa ce: ga kaya, ga kuɗinsa. Rigimar tana kan wani irin talla daban, wanda ba kaya yake nuna maka ba, rashi yake dasa maka. Yana gaya maka cewa fatarka ta yi duhu, wayarka ta tsufa, abincin gidanku na ƙauyawa ne, sannan ya miƙo maka maganin ciwon da shi ya sa maka.

Wannan sana'a tana da tarihi. A 1929 kamfanin da ke yin tabar Lucky Strike ya ga rabin kasuwa na kuɓuce masa, domin a Amurkar wancan lokaci abin kunya ne mace ta sha taba a titi. Ya ɗauki gwanin farfaganda Edward Bernays, wanda masanin halayyar ɗan Adam Sigmund Freud kawunsa ne. Bernays ya shirya 'yan mata suka kunna taba a jerin gwanon bikin Ista a birnin Niyok, ya kuma tsegunta wa 'yan jarida cewa mata ne za su kunna "fitilun 'yanci". Jaridu suka buga shi a matsayin labari. Ba a ce tabar tana da daɗi ba, ba a ce tana da araha ba. An ɗauki ƙishirwar mata ta neman a daraja su, aka ɗaure ta a jikin karan taba.

Na ga ƙaramin samfurin wannan a tsakar gidanmu. Ɗan ƙanwata, yana da shekara biyar a lokacin, aka ajiye masa tuwo da miyar kuka, ya ture kwanon ya ce, "Mama, ni irin na talabijin nake so." Sai ya rera waƙar tallan wata taliya tun daga farko har ƙarshe, har da ɗan tsallen da yaran cikin hoton ke yi. Na ce masa, "Kai, wa ya koya maka?" Ya dube ni da mamaki ya ce, "Kawu, ba kowa." Amsar ta daɗe tana damuna, domin gaskiya ya faɗa iyakar saninsa. Karatun allo sai da malam ya zauna da shi yana maimaita masa. Wannan kuwa ta shiga ba sallama, ba wanda ya ga shigarta, kuma ba a nemi izinin uwarsa ba.

Nan ne hujjar masu murɗe talla ta fi ƙarfi. Rediyo kana iya kashe shi, jarida kana iya rufe ta, amma allon da aka kafa a kan hanyar makarantar ɗanka ba shi da makunni. Titin na kowa ne, idon naka ne, amma wani ya sayar wa wani da shi ba da saninka ba. Maganar kuma hanya ɗaya take bi: su faɗa, ka ji. Kalle Lasn, haifaffen Estoniya da ya taɓa yin aikin binciken kasuwa a Tokiyo, ya gane haka a aikace. A ƙarshen shekarun 1980 kamfanonin katako na lardin British Columbia a Kanada suna ta talla a talabijin cewa dazuzzuka suna cikin aminci a hannunsu. Lasn da abokinsa Bill Schmalz suka shirya ɗan gajeren martani, suka je da kuɗinsu za su sayi lokaci kamar kowa, gidajen talabijin suka ƙi karɓa. Ashe kasuwar da ake cewa a buɗe take, a buɗe take ga mai cewa "saya" kaɗai. Daga wannan haushi aka haifi mujallar Adbusters a birnin Vancouver a 1989.

Mujallar ce ta yaɗa ɗaya daga cikin zambon da suka fi shahara. Kamfanin R.J. Reynolds yana tallan tabar Camel da zanen wani raƙumi ɗan gayu mai baƙin tabarau, Joe Camel. Wani bincike da mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga a 1991 ya nuna cewa yara 'yan shekara shida suna gane raƙumin nan kusan kamar yadda suke gane Mickey Mouse, ɓeran nan na katun ɗin Disney. A 1996 wani malamin jami'a, Scott Plous, ya ƙirƙiro Joe Chemo: raƙumin nan dai, amma cikin rigar asibiti, gashi ya zube, ana yi masa ƙarin ruwan maganin sankara. A 1997 kamfanin ya yi ritayar raƙuminsa.

Mutanen Adbusters ne kuma suka tallata Ranar Ƙin Sayen Komai, wadda wani mai zane, Ted Dave, ya faro a Vancouver a 1992. Daga 1997 aka matsar da ita zuwa ranar Black Friday, wato Baƙar Juma'a, ranar da Amurkawa ke turmutsutsu a ƙofar kantuna. Wannan rana ta iso mu ta hannun shagunan intanet. A Nuwamban 2020 hukumar Hisbah ta Kano ta rubuta wa wani gidan rediyo ta nemi ya daina kiran Juma'a baƙa. Na fahimci kishin, Juma'a rana ce mai alfarma. Amma an yi ta cece-kuce a kan sunan, ba a taɓa ainihin abin ba, wato ranar da aka ware don a zuga mutum ya sayi abin da ba ya bukata. Alhali mu ne muke da ayar da ta ce a ci a sha kada a yi israfi, da wadda ta kira masu almubazzaranci 'yan'uwan shaiɗanu. Kalmar ƙana'a tana bakinmu tun kafin a haifi kakan Lasn.

Akwai aikin da har yau nake juya shi a raina. Daren 2 ga Disamba 1984 zuwa wayewar garin 3 ga wata, iskar guba ta tsiyayo daga masana'antar maganin ƙwari ta Union Carbide a birnin Bhopal na Indiya. Dubban mutane suka mutu, sama da 500,000 suka shaƙi gubar. A 1989 aka sasanta a kan dala miliyan 470, abin da waɗanda suka tsira suka ce bai kai ko kuɗin magani ba. A 2001 kamfanin Dow ya sayi Union Carbide, ya ce shi ba ruwansa da tsohon bashi. Wasu 'yan fafutuka biyu da ake kira Yes Men suka buɗe shafin intanet mai kama da na Dow. Ma'aikatan BBC suka faɗa tarkon, suka aika da gayyata. Ranar 3 ga Disamba 2004, ranar cika shekara 20, ɗaya daga cikinsu ya sa kwat ya bayyana a talabijin a matsayin kakakin Dow, ya ce kamfanin ya ɗauki alhakin komai, zai kashe dala biliyan 12 wajen biyan diyya da tsabtace wurin.

Cikin minti 23 darajar hannun jarin Dow ta faɗi da kimanin dala biliyan 2 a kasuwar Frankfurt. Sai da kamfanin ya fito da bakinsa ya ce a'a, ba zai biya ba, sannan farashin ya farfaɗo. Wannan shi ne abin da wasan ya tona, kuma ba wata maƙala da za ta tona shi haka: da aka ji kamfani zai yi adalci, masu jari guduwa suka yi. Amma a Bhopal akwai waɗanda suka ji labarin suka yi kukan murna, bayan 'yan sa'o'i aka ce musu ƙarya ce. Wasu daga cikin masu fafutukar garin sun ce duk da haka ya amfane su, domin duniya ta sake tuna su. Ni ban iya wanke abin gaba ɗaya ba. Wasa da begen wanda ya binne 'ya'yansa ba ƙaramin abu ba ne, ko da niyyar mai kyau ce. Haka ma fenti a allon wani: dukiyar mutum ce, kuma wanda ya ce lamirinsa ne ya tilasta masa, sai ya tsaya ya amsa a gaban alƙali kamar yadda likitan Sidni ya yi.

Sai dai babbar matsalar wannan salo ba kotu ba ce. Kasuwa tana da ciki mai faɗi, tana haɗiye wanda ya zo yaƙar ta. Tun a shekarun 1990 Sprite ta fara talla tana gaya wa matasa kada su ruɗu da talla, su bi ƙishirwarsu kawai. A Black Friday ta 2011 kamfanin tufafi na Patagonia ya sayi shafi guda a jaridar New York Times ya sa hoton rigarsa ya ce kada a saye ta, cinikinsa kuma ya ƙaru a shekarar da ta biyo baya. Ita kanta Adbusters a 2004 ta fito da takalminta, Blackspot, wai don ta karya Nike, har wasu marubutan Kanada biyu, Joseph Heath da Andrew Potter, suka ce ai magana ta ƙare, tawaye ya zama haja. Hujjarsu tana da nauyi: mai son ya bambanta da jama'a shi ne kwastoman da kasuwa ta fi so, domin kullum yana neman sabon abin da zai nuna shi ba irin kowa ba ne.

Labarin Jonah Peretti ya fi kowanne nuna haka. A 2001, yana ɗalibi, Nike ta ba masu saye damar a rubuta musu kalmar da suke so a jikin takalmi. Ya nemi a rubuta masa kalmar da ke nufin masana'antar da ake bautar da ma'aikata a kan ladan da bai taka kara ya karya ba. Nike ta ƙi. Ya tura wa abokansa wasiƙun da suka yi musaya, suka bazu zuwa ga miliyoyin mutane. Darasin da ya ɗauka shi ne yadda abu ke yaɗuwa a intanet. A 2006 ya kafa BuzzFeed, wanda ya yi suna wajen saƙa talla a cikin rigar labari.

To a ina abin ya yi aiki? A inda zambon ya nufi ɓarna guda takamaimai, kuma akwai masu jiran gado a bayansa da takardar doka a hannu. Fentin BUGA UP bai rufe kamfanin taba ko ɗaya ba. Abin da ya yi shi ne ya cire wa tallan taba kwarjini, ya mayar da shi abin dariya, har ɗan siyasa ya daina jin tsoron taɓa shi. A 1992 Ostireliya ta kafa dokar haramta tallan taba, a Disamban 2012 kuma ta zama ƙasa ta farko da ta tilasta sayar da taba a kwali marar ado. A Amurka ma ba zanen Joe Chemo ne ya sauke allunan taba ba, yarjejeniyar 1998 ce tsakanin manyan kamfanonin da jihohi 46, wadda ta ɗora musu biyan dala biliyan 206 ta kuma hana su talla da zanen katun mai jan hankalin yara. A 2010 ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ta kwaikwayi tallan cakulan KitKat, aka nuna ma'aikacin ofis ya ɓare kwalin ya gatsa yatsan gwaggon biri, don nuna yadda noman kwakwar manja ke cinye dazukan Indonesiya. Wanzami ba ya son jarfa: Nestlé, mai yin KitKat, ta sa aka cire bidiyon daga YouTube, cirewar ta ƙara masa farin jini, cikin wata biyu kamfanin ya sanar da sabbin sharuɗɗan sayen manjansa. Bukata ɗaya aka nema, ita aka samu.

Birnin Sao Paulo na Burazil ma bai tsaya zambo ba. A 2006 magajin garin, Gilberto Kassab, ya sa hannu a dokar tsabtace birni, daga 2007 aka sauke alluna kusan 15,000. Mutane suka ga tsofaffin gine-ginen da suka manta da su, suka kuma ga unguwannin talakawa da allunan suka daɗe suna karewa. Bayan 'yan shekaru an sake barin talla a tashoshin bas da agogunan titi, amma bisa sharaɗin hukuma.

Yau kiɗan ya canza. Masu kiyasi sun ce kuɗin talla a duniya ya kai dala tiriliyan 1 a 2024, mafi yawansa kuma a intanet ake kashe shi. Kusan duk kuɗin shigar kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, daga talla yake. Allon Sidni guda ne, dubban mutane suna ganinsa tare, shi ya sa gwangwanin fenti ɗaya ya isa a yi wa gari guda magana. Tallan waya kuwa kowa da nasa, an auna shi daidai da abin da ka nema jiya da dare. Sau da yawa ma ba ya zuwa da kamannin talla. Wata ce da kake bi a TikTok, mai magana da harshenka, tana ba ka labarin man da ya "gyara" mata fata. Wanda ya yi mata zambo ma, dandalin ne ke cin ribar kallon.

A wajenmu kuma dole a yi hattara da kwafo abin yadda yake. Ka je ka ce wa magidancin da ke auna masara da gwangwani ya ware rana guda ta ƙin sayen komai, ai ka yi masa izgili. Matsalar Bature ita ce kaya sun yi masa yawa. Tamu ita ce ana farautar ɗan abin da ke hannun marar shi: tallan cacar ƙwallo da ke nuna wa matashi marar aiki cewa tsakaninsa da mota sai naira ɗari, manhajojin bashi da ke yi maka murmushi yau gobe su aika wa surukanka saƙon cin mutunci, man bilicin, da mai lasifika a tasha da ke rantsuwa cewa kwalba ɗaya tana maganin ciwo arba'in. Muna da masu barkwanci a intanet da za su iya kwaikwayon kowanne daga cikin waɗannan har mutum ya riƙe ciki, sai dai da yawansu kamfanonin cacar ne ke ɗaukar nauyinsu.

Najeriya ta riga ta haramta tallan taba da dokar 2015, don haka hanyar ba baƙuwa ba ce. Da za a tambaye ni inda za a fara, zan ce a hana kafa allon caca a kusa da makaranta, a kuma tilasta wa duk wanda aka biya ya yabi kaya a intanet ya faɗa da bakinsa, da Hausa, a farkon bidiyon, cewa biyan sa aka yi.